Ginin da ke Motsi: Wa Zai Yi Kiwonsa?

A shekarun da na yi ina karantarwa a wata makarantar ƙauye, ajina yana da tagogi huɗu na ƙarfe, irin masu ganye-ganyen nan da ake jan wani ɗan mariƙi sai su buɗe gaba ɗaya, a mayar da shi su rufe. Wanda ya ƙera su ya yi tunani mai kyau: da hantsi a buɗe iska ta shiga, in hadari ya taso da ƙura a rufe, in rana ta karkata a bar su rabi da rabi. To amma sa'ad da na zo, ƙura da tsatsa sun riga sun cinye gaɓoɓinsu. Biyu sun cije a rufe, biyu sun cije a buɗe. Yaran da ke wancan gefe suna karatu cikin duhu da gumi, na wannan gefe kuwa iskar hunturu na zuba musu rairayi bisa littafi. Babu wanda ya ɓata tagogin nan da gangan. An dai ba su motsi ne, ba a ba su mai kula ba.

Su ne suka faɗo mini a rai lokacin da na fara bin labarin wani fanni na ilimin gini da ya bunƙasa a duniya, wato gine-gine masu motsi: rufin da ke buɗewa ya rufe, bangon da ke ƙifta ido gwargwadon hasken rana, benen da ke juyawa bisa gindinsa. Yadda ake ƙera su aikin injiniyoyi ne, kuma sun iya. Abin da nake son mu tattauna, ya ɗan'uwa mai karatu, shi ne haƙƙin da ke cikin lamarin. Shin daidai ne mutum ya gina abin da ba ya rayuwa sai da hidimar yau da gobe, alhali shi mai ginin ba zai dawwama ba balle ya yi hidimar?

Dalilin motsi

Tun asali abin da muke nema ga gini shi ne ya tsaya. Harshenmu ma ya shaida haka, domin mutumin da ya samu natsuwa mukan ce ya kafu, wanda jama'a ta dogara gare shi kuma mu kira shi ginshiƙi ko bango abin jingina. Sai dai duniyar da ginin ke tsaye cikinta ba ta tsaye. Rana na fitowa gabas ta faɗi yamma, inuwar safe ba ita ce ta la'asar ba, iskar bazara daban take da ta hunturu. Bango ɗaya ne ke fuskantar duk waɗannan, kuma abin da ya dace da wani lokaci yakan zama cuta a wani. Daga nan ne tunanin motsi ya fito, kuma ba baƙo ba ne gare mu. Asabarin da uwargida ke saukewa da azahar ta naɗe shi da maraice, hular rumbu da ake ɗagawa a ɗebi hatsi a mayar, zanar da ake gusarwa ta tare iska, duka ƙananan amsoshi ne ga tambaya ɗaya. Abin da zamani ya ƙara shi ne girma da inji, ya kuma cire hannun mutum ya sa na'ura a madadinsa.

Misalin da ya fi shahara a ƙasashen da ke magana da Faransanci yana birnin Paris, a bakin kogin Sen. Shi ne ginin Cibiyar Duniyar Larabawa, wadda Faransawa ke kira Institut du monde arabe, da aka buɗe a shekarar 1987. Jean Nouvel da abokan aikinsa ne suka tsara shi. Sun ɗauko dabarar mashrabiya, wato tagar katako mai saƙar ƙananan ramuka da aka sani a tsofaffin gidajen Alƙahira, wadda ke tace haske ta bar iska ta wuce. Sai suka jera irinta guda 240 a bangon kudu, amma na ƙarfe, a tsakanin gilasai. Cikin kowace akwai idanu manya da ƙanana da ke tsukewa su buɗe kamar idon kyamara. An haɗa su da na'urar da ke auna haske, ta yadda in rana ta yi ƙarfi idanun su tsuke, in ta yi sanyi su buɗe. Duniya ta yaba, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1989.

Bayan yabo sai aka shiga zaman yau da kullum. Dubban gaɓoɓin nan kowace na bukatar dubawa, kuma wadda ta lalace tana kulle a bayan gilashi. Sannu a hankali idanun suka daina ƙiftawa, aka yi shekaru masu yawa baƙi na zuwa kallon bangon da ke motsi su tarar da shi tsaye cik. Sai a 2017, lokacin da cibiyar ta cika shekara 30, aka yi musu babban gyara suka koma aiki. Wannan fa a Paris ke nan, inda ba a rasa kuɗi ba, ba a rasa ƙwararru ba, kuma babu hazon hunturu. Ashe ciwon tagogin ajina ba na talauci kaɗai ba ne.

Don wa ake motsin?

Kafin mu kai ga batun hidima, ya kamata mu fara tambayar wanda ake yi wa ita. Tsohon birnin Rum ya bar mana misalai biyu a wuri guda. Bayan gobarar da ta ci birnin a shekara ta 64 miladiyya, sarki Neron ya gina wa kansa fada, kuma marubucin tarihi Suweton ya ba da labarin cewa babban zauren cin abincinta zagayayye ne, yana juyawa dare da rana don ya kwaikwayi tafiyar sararin sama. Bayan mutuwar Neron aka cike tafkin da ke cikin fadar, aka gina dandalin Kolize a kansa, aka buɗe shi a shekara ta 80. Shi ma yana da abin motsi: wata ƙatuwar rumfar yadi da ake shimfiɗawa bisa kawunan ƴan kallo kimanin dubu 50, kuma sojojin ruwa ne, waɗanda suka saba da igiya da filafilan jirgi, ke janta. Na farko motsi ne don mutum ɗaya ya ji kamar sama ma shi take kewayawa, na biyu kuwa inuwa ce ga talaka da basarake. Duk da haka kada mu yi saurin yanke hukunci, domin a ƙarƙashin inuwar nan mutane suke zaune suna kallon ana zubar da jinin mutane. Yawan masu amfana hujja ce mai ƙarfi, amma sai an duba abin da aka tara su a kai.

Gadon Neron bai ƙare ba. Tsakanin 1929 da 1935 wani injiniyan Italiya, Angelo Invernizzi, ya gina gida kusa da birnin Verona ya sa masa suna Girasole, wato furen nan mai bin rana. Sashen sama na gidan ya kai nauyin tan 1,500, yana bisa ƙafafun ƙarfe da ke bin dogo zagayayye, kuma yana cika kewaye ɗaya cikin awa 9 da minti 20. Aiki ne na basira, amma iyali ɗaya ya yi wa amfani. A 2008 kuma wani mai tsara gine-gine, David Fisher, ya yi shelar zai tada bene mai hawa 80 a Dubai wanda kowane hawa zai riƙa juyawa shi kaɗai. Hotunansa sun zagaye duniya, ginin kuwa bai tashi ba.

Misalin da ya saɓa wa waɗannan, alhazanmu da yawa sun gan shi da idonsu, gani kuwa ya kori ji. A farfajiyar Masallacin Annabi da ke Madina akwai manyan laimomi 250 da aka kammala kafawa a 2010, aikin kamfanin wani Bajamushe mai tsara gine-gine, Mahmoud Bodo Rasch. Kowace in ta buɗe tana rufe fili mai kimanin mita 25 a tsawo da 25 a faɗi. Da zafin rana suna ba dubban mutane inuwa, da dare kuma a naɗe su domin zafin da daɓen ya sha ya samu hanyar tashi sama. Rumfa tsayayya da ta riƙe wannan zafin ta mayar wa mutane. A cikin masallacin kuma akwai ƙubbobi 27 da ke gusawa bisa dogo su bar sarari a buɗe. A nan motsin yana da dalilin da tsohuwa mai ciwon ƙafa za ta fahimta ba tare da an yi mata bayani ba, tunda ita ce ke zaune a inuwar.

Wa zai ɗauki kayan?

Ko motsin ya zama na alheri, sauran magana na nan. Ni a ganina wanda ya gina gini mai motsi kamar wanda ya sayi doki ne. Kowa ya san kuɗin saye su ne mafi sauƙi a hidimar doki. Bayansu akwai harawa da dusa da kanwa, akwai yaron barga, kowace safiya ta Allah. Bambancin shi ne doki sau da yawa yakan riga ubangidansa mutuwa, gini kuwa shi ke binne wanda ya gina shi. Ke nan hidimar kan wasu za ta faɗa, waɗanda ba a shawarce su ba, wasunsu ma ba a haife su ba tukuna. Hausawa na cewa alkawari kaya ne. A nan sai ga wani ya yi alkawarin, wani dabam ya ɗauki kayan.

Mutanen Montreyal, a ƙasar Kanada, sun san nauyin irin wannan kaya. Don wasannin Olimpik na 1976, Bafaranshe Roger Taillibert ya tsara musu filin wasa mai rufin yadi wanda za a riƙa ɗagawa da igiyoyin ƙarfe daga wata karkatacciyar hasumiya mai tsawon mita 165. Aka yi wasannin aka gama babu hasumiya babu rufi. Sai a 1987 aka ɗora rufin, kuma ba a iya motsa shi in iska ta yi ƙarfi. Sau 88 kacal aka buɗe shi, yana yagewa ana ɗinkewa, har aka haƙura aka bar shi a rufe daga 1992. A 1998 aka musanya shi da wani marar motsi, shi ma ya yage a farkon 1999 saboda nauyin ƙanƙara. Bashin gine-ginen wasannin bai gama biyuwa ba sai a 2006, wato jaririn da aka haifa shekarar wasannin ya kai shekara 30 ana biya. A 2024 gwamnatin lardin Kebek ta sake ware dalar Kanada miliyan 870 don sabon rufi. Waɗanda suka yanke shawarar farko sun sha tafi a ranar buɗewa, jikokinsu ne ke riƙe da takardar bashi.

Wata hujja da ba a iya kaucewa

Mai karatu na iya cewa: Malam, ashe shawararka ita ce a daina ƙirƙira, kowa ya koma ga bangon kakansa? Ai motsi ya fi laɓewa. Kuma wane gini ne ba ya bar wa magada hidima? Wannan magana gaskiya ce, kuma ta fi ƙarfin a share ta. Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san cewa soron da aka yi shekara biyu ba a yi wa yaɓe ba, damina ta uku ita za ta yi masa hukunci. Hasali ma akwai motsin da ya fi na laima haɗari, shi ne ɓoyayye. Dubi manyan gidajen gilashi da ake tadawa a biranen ƙasashe masu zafi. A ido tsaye suke, babu abin da ke motsi. To amma rayuwarsu na rataye ga injinan sanyaya ɗaki da ke juyawa ba dare ba rana, kuma da zarar wutar lantarki ta ɗauke sai ka ga ma'aikata sun fito sun nemi gindin itace. A kan wannan ne wasu tagwayen benaye da aka kammala a Abu Dabi a 2012 suka nemi mafita: an lulluɓe kowane da ƙananan laimomi 1,049 da ke buɗewa a gefen da rana ke duka, don a rage aikin injinan sanyi. In an auna da kyau, wani lokaci motsin da ake gani shi ke sauƙaƙa wanda ba a gani.

Saboda haka laifin ba ga motsi yake ba, kuma barin hidima ga na baya ba zalunci ba ne a kan kansa. Duk abin da muka gada haka muka gaje shi, da daɗinsa da wahalarsa. Abin dubawa shi ne ko magajin zai iya biyan bashin da abin da ke hannunsa. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta tun ƙarni na 16, aka sake ta a 1844, kuma tana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan da magina ke hawa in lokacin gyara ya yi. Wanda ya gina ta ya san za ta nemi hidima, sai ya bar tsanin a jikinta, ƙasar gyaran na nan kusa, sanin aikin kuma yana cikin gari ana gadonsa. Haka masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da hannun mutanen garin, ya kuma samu lambar Aga Khan a 1986, shekara uku kafin ginin Paris ya samu irinta. Duka biyun bashi suka bari. Sai dai akwai bashin da ake biya da kwando da gayya, akwai kuma wanda ake jiran wani ɗan ƙarfe ya taso daga wata nahiya, in ma kamfanin da ke ƙera shi yana nan.

Ranar tsayawa

Akwai awo na ƙarshe da nake ganin ya fi sauran nuna halin mai gini. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma duk abin da ke motsi wata rana zai tsaya. To a wane hali zai bar mutane ranar? A nan dole a yi wa ginin Paris adalci: shekarun da idanunsa suka yi a tsaye, bai daina tace haske ba, ya dai koma mashrabiya irin ta da, mutane suka ci gaba da karatu a bayansa. Rufin Montreyal kuwa da ya gaza, sai ya zama abin tsoro ga na ƙarƙashinsa. A gidan adana kayan fasaha na Milwoki, a Amurka, Santiago Calatrava ya ɗora wasu fukafukan ƙarfe masu faɗin mita 66 a 2001, aka kuma tsara su yadda in iska ta wuce gudun kilomita 37 a awa, su naɗe kansu. Mai wannan tunani ya yarda tun farko cewa akwai abin da ya fi ƙarfin aikinsa. Tawali'un mai gini ana ganinsa ne a tanadin da ya yi wa ranar da dabararsa za ta gaza. Asabari in igiyarsa ta tsinke, kowace igiya na maye gurbinta, in babu ma a tokare shi da kara.

Amsata ga tambayar da muka fara da ita ke nan. Ya halatta mutum ya gina abin da ke motsi, har ma abin yabo ne, in motsin na biyan wata bukata ta gaske ga waɗanda ke ciki, in ya bar wa magada sani da kayan aiki da hanyar samun kuɗin hidima, in kuma ya tanadi yadda abin zai tsaya ba tare da cutar da kowa ba. Wanda ya tsallake waɗannan ya ci yabon yau da gumin mutanen gobe, ko da kuwa niyyarsa kyakkyawa ce.

Wannan darasi ya shafe mu, mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu, ko da ba mu da rufin da ke buɗewa. Muna da famfon rijiya, da injin niƙa, da ƙofar ɗakin karatu, da tagogin aji. Mun saba girmama wanda ya buɗe: shi ake rubuta sunansa a allo, shi ake yi wa kiɗa. Wanda ke zuwa da gwangwanin mai kowane mako ba a san sunansa ba, alhali don tuwon gobe ake wanke tukunya. In muna son ɗiyanmu su gaji abin da ke aiki, sai mun koya musu cewa gyara ma sana'ar masu daraja ce, mu kuma saba da yin tambaya a ranar bikin buɗe kowane gini: wa aka ɗora wa kiwonsa, kuma da me?

Game da tagogin ajina, wata ranar Alhamis na roƙi baƙin mai wajen mai gyaran babur, muka samo gashin kaza da tsumma, ni da manyan yaran ajin muka yini muna kankare tsatsa. Uku sun motsa, ta huɗu ta ƙi har na bar garin. Daga ranar muka ƙara layi ɗaya a jerin masu shara da ke manne a bango, wato mai tagogi, kowane mako da nasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yaran sun riƙa gardama a kan wanda layin zai faɗa wa, domin kowa na son a ce shi ne ya sa iska ta shigo.